Hannun da Aka Gyara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Kawu, da yara, da maigidanki. Ni lafiya lau, in ban da ciwon baya na yawan tsayuwa.

Na yi ta kiran ki ba ki ɗauka ba, daga baya kika aiko cewa in da magana in rubuta, wai a waya katse ki nake yi. To ga shi na rubuta.

Umma ta turo mini ɗan bidiyon da ta ɗauka ranar da ta kai muku ziyara. Na ga Kawu riƙe da kofin shayi da hannu biyu, rabi a baki, rabi a riga. Ban san rawar hannun ta kai haka ba, kuma babu wanda ya gaya mini.

A sashen asibitin da nake aiki muna maganin irin wannan, ba tare da an tsaga kai ba. Kin tuna gilashin nan da muke tara hasken rana da shi mu ƙona takarda? Haka abin yake, sai dai sauti ake tarawa, irin wanda kunne ba ya ji. Ana sa wa mutum wata hular kwano mai ɗauke da ƙananan bakuna masu yawa, kowanne yana fitar da nasa sautin. Guda ɗaya ba ya yin komai, ya ratsa ƙoƙon kai ya wuce. Amma inda suka haɗu, can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a wurin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, nan suke yin zafi su kashe ɗigon da ke aiko da rawar. Mutum yana farke, yana magana da mu har a gama.

Yanzu ma ana gwada mai sauƙinsa, wanda ba ya ƙona komai sai dai ya ɗan zunguri ƙwaƙwalwa, a kan masu ciwon damuwa mai tsanani. Wannan har yanzu bincike ne. Na rawar hannu kuwa ya wuce nan.

Na yi wa babbar likitarmu magana, ta ce a kawo shi ta gani. Ki ba ni shi.

Ƙaninki,
Dogo

* * *

Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba, kawun naka, yana ci, yana barci, hawan jininsa ya daidaita. Ka gai da Umma, ka ce na gode da ziyara, ban gode da bidiyo ba.

Ka ce babu wanda ya gaya maka. Mahaifiyarka 'yar kawun Baba ce, iyakar zumuncin ke nan, kuma rabonka da gidan nan tun ina goyon ƙaramata, wadda yanzu take karanta mini allon talla a hanya. Ba ɓoye maka muka yi ba. Ba mu tuna da kai ba ne.

Na karanta abin da ka rubuta, sannan na je na karanta abin da ba ka rubuta ba. Aikina ke nan a gidan jarida: a kawo mini labari mai daɗi, in nemo abin da aka tsallake. Ka tsallake cewa abin da aka ƙona ba ya dawowa. Ka tsallake waɗanda suka tashi ba sa jin leɓensu, da waɗanda suka yi makonni suna tangaɗi. Ka kuma tsallake cewa kai ba likita ba ne. Dangi suna ce maka Likita saboda sun gan ka a hoto da farar riga. Ni na san kai mai kula da na'ura ne. Ba abin kunya ba ne, amma mai kula da na'ura kullum cikin neman abin da zai zura a cikinta yake.

Ba ka ma san abin da ke cin sa ba. Shayi bai dame shi ba, riga ana wankewa. Shagon askinsa ne. Tun ranar da ya ɗan yanki mai gyaran rediyon layinmu a bayan kunne ya daina karɓar kowa, ba tare da wani ya ce ya daina ba. Kowace safiya yana zuwa ya yi shara, ya goge madubi, ya shafa wa almakashinsa mai, wanda maƙeri ya ƙera masa shi kaɗai, in wani ya ɗauka ko zare ba ya yankawa. Sannan ya ja ƙofa ya dawo gida. Mutumin da ke cikin wannan hali, ka ce masa akwai hular da za ta mayar masa da aska, ko cikin rijiya ka nufa zai bi ka. Saboda haka kada ka gaya masa.

Ka ce in ba ka shi. Ba buhu ba ne.

Yayarka, in ka ga dama

* * *

Yaya Jan Biro,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da hawan jinin Kawu ya daidaita. Umma tana amsawa, ta ce bidiyon nata ne.

Amsarki ta daɗe, ni kuma ban zauna jira ba. Kafin ta iso na riga na kira shi. Da ta iso na sake kira, na karanta masa duk abin da kika ce na tsallake, na ƙara masa da wanda ke ma kika tsallake: ba kowane ƙoƙon kai sautin yake ratsawa ba, sai an ɗauki hoto an gani, kuma ana iya mayar da shi yadda ya zo.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Dogo, bar dogon bayani. Zan riƙe aska?"

Na ce ba na yin alkawari, amma na ga waɗanda suka shigo ba sa iya sa maɓallin riga, suka fita suna zura zare a allura.

Ya ce, "To shi ke nan. 'Yar gidana za ta yi faɗa, amma ita da faɗa take karya kumallo."

Gaskiya ne, ni ba likita ba ne. Ke ma haka. Bambancinmu, ni ina tsaye a cikin ɗakin, ke kina karanta labarin ɗakin. Kin yi shekaru kina sauya masa riga, kowa ya yaba, ni ma na yaba. Amma na daɗe a asibiti, na ga mai jinyar da ba ta son majinyaci ya miƙe, don kada a daina yaba mata.

Ki biyo shi. Likita tana son wanda ya san shi ciki da waje ya zauna a ganawar farko. Za a ajiye miki kujera, kuma akwai ɗaki a gidana.

Dogo

* * *

Dogo,

Muna lafiya, mu da muka rage a gidan.

Baba ya taso da safe, maigidana ya kai shi tasha. Maganinsa yana aljihun gefe na jaka. Ba ya son a riƙe masa hannu in za a tsallaka titi, ka tsaya ta ɓangaren motoci kawai.

Ba zan zo ba. Ka zagaye ni ka ɗauke shi, sai ka ƙarasa da kanka. Ba zan zauna a kujerarku in gyaɗa kai, gobe a ce da yardar 'yarsa aka yi ba.

Maganar mai jinya da ka yi, na ajiye ta inda ba za ta ɓata ba. Kada ka sake rubuto mini sai ya dawo. Ko ka rubuto ba zan buɗe ba.

Yayarka

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, da yara. Kin ce ba za ki buɗe ba, amma na san ki, ko takardar da aka ƙunso sabulu a ciki sai kin karanta kin gyara.

Kawu ya iso lafiya. Ya ce katifata ta cika laushi, ruwan famfona kuma ba shi da ɗanɗano. Hoton ƙoƙon kansa ya yi kyau, likita ta ce sautin zai ratsa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ki sani. Hannu ɗaya ake gyarawa. Kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa da hannun da yake juyawa, kuma ba a taɓa ɓangarorin biyu a zama ɗaya. Don haka ake tambayar mutum wanne ya fi amfani da shi. Likita ta tambaye shi ina tsaye, ɗalibanta suna bayanta. Ya ce dama. Ta ce da wanne kake rubutu, ya ce dama. Ta ce da wanne kake cin abinci, ya dube ta kamar ta zage shi, ya ce dama mana. Ta ce da wanne kake sana'a. Ya kalli ɗaliban, ya ce dama. Ta miƙa masa biro ya zana mata layi mai nannaɗewa kamar katantanwa, da dama ya karɓa. Zanen ya fito kamar an sa kaza ta yi. An tsai da dama.

Ranar Alhamis mai zuwa za a yi. In kina da abin cewa, ki faɗa kafin nan.

Ƙaninki,
Dogo

* * *

Yaya,

Ba ki amsa ba, ban kuma yi mamaki ba. Ina fata kowa lafiya. An yi, kuma Kawu lafiya lau.

Sai an aske kai tas, domin gashi yana riƙe iska, iska kuma tana tare sautin. Ni na yi masa askin. Ya zauna yana kallona ta gilashin taga, ya ce, "Wa ya koya maka riƙon aska? Kai nake da shi ko dankali?" Ma'aikatan jinya suka yi ta dariya. Ya ce in an sallame shi zai buɗe musu aji.

Muka kafa masa ƙarfen da ke hana kai motsi, muka sa hular, muka cika tsakaninta da fatar kansa da ruwan sanyi, muka tura shi cikin na'urar hoto. Ba a fara da zafi. Ana fara ɗan taɓa wurin ne a hankali, yadda zai yi shiru na ɗan lokaci ya dawo, don a tabbatar ba a yi kuskuren ɗigo ba. A taɓawar farko na ce, "Kawu, me kake ji?" Ya ce gadon yana juyawa da shi, leɓensa kuma kamar kiyashi na bi. Likita ta gusa da ɗigon kaɗan. A ta gaba leɓen ya saki, hannun ya lafa. Sannan aka ƙara ƙarfi.

Da muka jawo shi waje aka ba shi biro. Katantanwar ta fito sumul. Aka ba shi kofi cike da ruwa, ya ɗaga da hannu ɗaya ya kai baki, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ajiye kofin, ya juya hannun gaba da baya yana kallo, ya ce masa, "Ashe kana nan."

Yana tangaɗi fiye da yadda muka so, amma yana raguwa. Aiki ba zai bar ni in rako shi ba, zan haɗa shi da wani abokin aikina da zai bi ta wajenku.

Mai kula da na'ura yana gaisuwa.

Dogo

* * *

Dogo,

Baba ya iso. Tangaɗin ya ragu, gashin ya fara tsirowa. Ya sha shayi a gabanmu da hannu ɗaya, yara suka tafa. Ni na shiga ɗaki na yi abin da ba zan rubuta maka ba. Har na fara shirya yadda zan ba ka haƙuri.

Washegari ya sa farar rigarsa ta aiki, ya ce in raka shi shago. Mai gyaran rediyo ne ya fara zama, ya ce ai da sauran kunne ɗaya, a gwada. Baba ya ɗaura masa ƙyalle, ya kaɗa sabulu, ya shafa, ya miƙa hannu ya ɗauki aska. Da hagu. Askar tana kaɗawa kamar allurar keken ɗinki. Ya tsaya yana kallon ta. Sannan ya ajiye, ya goge wa mutumin fuska, ya kwance ƙyallen, ya ce sabulun ya lalace, ya dawo wata rana.

Baba bahago ne, Dogo.

An dake shi yana ƙarami har ya koyi ci da rubutu da gaisawa da dama. Aska da almakashi kuwa hagu ce ta koya, domin a shago babu mai tsayawa a kansa da bulala. Almakashin da na ba ka labari, a juye aka ƙera shi, shi ya sa ba ya yi wa kowa yanka. A gidan nan ba a faɗin kalmar, shi ya hana tun muna yara. Amma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya sani. Kai ba ka taɓa zama ba. In kun zo hutu, wajen masu inji kake tafiya, ka ce askin Kawu na tsofaffi ne.

Jiya na buɗe wasiƙunka biyu. Na gani. Kada ka wahalar da kanka wajen nuna mini sakin layin.

Ka gyara masa hannun gaisawa da baƙi. Ka gaya mini yaushe za a gyara na aikin.

Yayarka

* * *

Yaya,

Ina gai da Kawu. Ke ma ina gaishe ki, tunda haka aka koya mana.

Tambaya bayan tambaya aka yi masa, ya amsa da bakinsa. Na rubuta miki ɓaro-ɓaro kafin a taɓa shi. Kalma ɗaya ce a bakinki, Yaya, ke da kike mayar wa ɗan jarida labari saboda waƙafi. Kullum da yamma kina kiran sa ki tambayi magani, ina jin ku, da ya fara ba ki labarin asibiti sai ki ce ban da maganar na'ura. Kujerar da aka ajiye miki a ganawar, wani ɗalibi ne ya zauna a kai.

Na kai wa likita maganar. Ta cire tabarau ta yi mini bayani. Ana iya yin ɗaya ɓangaren, amma ba kafin wata tara ba, kuma haɗarinsa ya fi na farko: harshe yana iya yin nauyi, tangaɗi yana iya zama dindindin. Ganin shekarunsa da yadda ya yi tangaɗi wannan karon, ta ce za ta sake duba shi, amma ba ta yi alkawari ba. Na san fuskarta. Kada ku sa rai.

Gaskiya ne ban taɓa zama a kujerarsa ba. Tun da wasiƙarki ta zo nake tuna yadda ya kalli ɗaliban nan kafin ya amsa, ina tsaye, ban ce a fitar da su ba. Wannan laifin nawa ne. Amma ba zan ɗauki sauran ni kaɗai ba. Yana kusa da ke, ki tambaye shi dalili.

Dogo

* * *

Dogo,

Muna lafiya. Tangaɗin ya tafi, sai in zai juya da sauri.

Na tambaye shi. Na same shi a shago yana wanke buroshin sabulu. Na ce, "Baba, me ya sa ka ce musu dama?"

Ya ce, "Babbar mace ce, ga ɗalibai tsaye da littattafai, ga ɗan 'yar uwata ya kawo ni wurin aikinsa. In buɗe baki in ce ni bahago ne, su rubuta?"

Na ce, "Ai sun gaya maka hannu ɗaya ne."

Ya ce, "Sun gaya mini. Na ɗauka in aka gyara babban, ƙaramin zai bi."

Na ce, "Wanne ne babban?"

Ya ce in miƙo masa tawul.

Na gaya masa abin da likitarku ta ce. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce rabin aski hira ce, ba zai ba da harshensa a karɓi hannu ba. Don haka ka gaya mata ta huta.

Ya sa maigidana ya sayo masa almakashi irin na kowa. Yanzu yana hura balan-balan, ya shafa masa sabulu, ya aske shi da dama, yadda ake koya wa sababbin shiga. Kwanakin farko gidan nan sai ƙarar fashewa, yara suna ɗauka wasa ne. Yanzu ba kasafai suke fashewa ba. Ya ce hannun ba ya rawa, amma baƙo ne a shagon, sai an nuna masa inda komai yake.

Sai dai balan-balan ba shi da kunne, ba shi da maƙogwaro. Labari ya zaga layi, kuma babu wanda ya sake zama a kujerar. Mai gyaran rediyo in ya hango mu sai ya sunkuya cikin wayoyinsa. Maigidana sanƙo gare shi, gemu kuma bai taɓa fito masa na kirki ba. 'Ya'yana mata ne. Baba yana buƙatar kan mutum, wanda zai zauna ba motsi, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa ya gani. In ba a samu ba, shagon ya rufu ke nan, kuma na san abin da zai rufu tare da shi.

Kai ka aske masa kai, ka sa a na'urarka, ka ce ya yarda da kai. Ka zo ka ba shi naka.

Ba haƙuri nake ba ka ba, ba kuma naka nake nema ba.

Yayarka

* * *

Yaya,

Lafiya lau. Na karɓi hutu, ina tafe ƙarshen wata.

Tun da wasiƙarki ta zo ban yi aski ba, har likita ta fara yi mini wani irin kallo. Ki ce wa Kawu har da gemu, kuma da aska, ba da inji ba.

Ki tanadi auduga, ko za a buƙata. Ki kuma sa a jawo kujera ɗaya kusa da tawa, inda za ki ga komai. Wannan karon ba ɗalibi ne zai zauna a kai ba.

Dogo